Tsohuwar da Ke Soya Ƙasa a Badaguishiri

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina tun da na ajiye aiki, amma ba zan taɓa mantawa da warin da ya bugi hancina ba ranar da na buɗe ƙofar mangaza, wato ɗakin ajiya, a Badaguishiri, a gaban shef ɗina, shugabana a wurin aiki, da mata wajen talatin. Na yi ƙoƙarin mantawa, Allah ya sani. Tunda abin ya ƙi, gara in ba da labarin da bakina kafin wani ya ba da shi da ƙari.

Shekarun tamanin ne, ban daɗe da fitowa daga lakwal ba, wato makarantar aikin gona. Fari ya wuce ya bar rumbuna wayam, gwamnati kuma ta dage a kan kowa ya yi noman rani. Aka turo ni garin a matsayin malamin gona. Na iso da akwatin ƙarfe, da littattafai cike da rubutun da na kwafa daga allo, da wani irin kai da da ƙyar yake shiga ƙofar ɗaki (kumburi nake nufi, ba halitta ba). Mutane suna ce mini Mushe (wato malam da Faransanci), kamar yadda ake ce wa duk wanda ya yi lakwal ya sa dogon wando, ni kuwa ina amsawa da ƙyar kamar ana roƙona.

Cikin ayyukan da aka ɗora mini akwai ƙungiyar matan da aka yanka wa fili a fadama, aka gina musu rijiya. Yawancinsu mazajen sun tafi cin rani ƙetaren iyaka tun lokacin fari ba su dawo ba, wasu kuma mazan sun rasu. Lambun nan shi ne abin da suke sa ran zai riƙe su da ƴaƴansu har wata damina. Shef ɗina, wanda ke zaune a buro, wato ofis, a Illela, ya kawo gwangwani ɗaya tal na irin tumatir na waje, ya damƙa mini, ya ce shi ke nan rabon garin a wannan shekara, babu wani a bayansa.

Nan ne dabara ta zo mini. Kowa yakan jira damina ta ɗauke kafin ya zuba iri, don ruwan sama yana turmushe ƙananan tsiro. Na ce me zai hana in zuba iri tun cikin marka, a cikin ɗaki inda ruwa ba ya isa, damina na ɗaukewa mu dasa, tumatirinmu ya riga na kowa shiga kasuwa? Dabarar kanta ba ta da laifi, har yau ina kan wannan maganar. Mai dabarar ne matsala.

Na tara matan a gindin wata bishiyar bedi na yi musu bayani. Na ce ba za a raba iri ba, ni zan rene shi duka a mangazar ƙungiya, wato ɗakin ajiyar da aka yi wa daɓen siminti da rufin kwano, in ya isa dashe kowace ta zo ta karɓi na fangali goma. Suka yi mini kallo irin na mutanen da ba su gamsu ba amma suna ganin girman wando. Sai wata tsohuwa daga baya ta gyara zama. Inna Ige ke nan, mai suyar gyaɗa a bakin kasuwa, ƴar siririya, idonta kullum ja saboda hayaƙi.

Ta ce, "Mushe, ni dai a ba ni rabona in riƙa da hannuna."

Na ce, "Inna, wannan iri ba irin na gida ba ne. Daga ƙasashen waje ya zo, yana son ilimi."

Ta ce, "To, ɗana. Ko kaɗan na, a ba ni."

Don in rabu da ita, na cika mata murfin kwalba na juye a gefen zanenta, ta ƙulle. A raina na ce wannan murfin na yi sadaka da shi.

Kwana biyu bayan haka na bi ta ƙofar gidanta, na tarar da ita a gaban murhu tana juya wani abu a cikin babban kaskon da take suyar gyaɗa. Na leƙa, sai na ga babu gyaɗa ko ɗaya. Ƙasa ce take soyawa, haɗe da rairayi, tana juyawa da katako, tururi yana tashi. Dariya ta kama ni har sai da na dafa bango.

Na ce, "Inna, yau ƙasa za a kai kasuwa?"

Ta ce, "A'a, makwancin irinka nika gyarawa."

Na tsaya a nan, a bakin hanya, mutane suna wucewa, na yi mata karatu na kusan rabin sa'a a kan yadda wuta ke kashe ƙarfin ƙasa. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta daina juyawa ba. Da na gama ta ɗebo gyaɗa a hannu ta ba ni, ta ce in gaida gida (ba ni da kowa a gida lokacin, ta kuma sani).

Ni kuwa a mangaza na yi aiki irin na wanda ke son a yabe shi. Na sa aka yi mini akwatunan katako goma sha biyu. Na shimfiɗa leda a cikin kowanne don kada ruwa ya zubo ya ɓata simintin gwamnati. Na ɗebo baƙar ƙasa daga wani tsohon lambu inda aka daɗe ana noma tumatir, don a ganina ƙasar da ta saba da tumatir ta fi sanin hannunsa. Na haɗa ta da takin shanu wanda bai gama ruɓewa ba. Na watsa iri da yalwa, babu rowa. Na rufe tagogi saboda kaji. Sannan na ɗauko wata babbar leda na lulluɓe akwatunan, domin na taɓa ganin haka a hoton wani littafi. Ban tsaya na tambayi kaina ba a wace ƙasa aka ɗauki hoton, ko kuma me ya sa mutumin da ke cikinsa yake sanye da rigar sanyi.

Ban-ruwa kuwa safe da yamma, wani lokaci har da azahar in na ji kewarsu.

A kwana na shida suka fito. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Akwatunan suka yi kore shar, tsiro a cunkushe kamar gashin kai, dogaye, sirara, duk sun karkata wajen ƴar kafar da haske ke shigowa. Na ɗauka tsawon nan lafiya ce. A ranar na zauna na rubuta wa shef takarda, na gayyace shi ya zo ranar kasuwa ta sama ya ga abin da ilimi ke yi. Na kuma aika wa matan cewa kowace ta zo ta ga dukiyarta.

Ana saura kwana uku, na ga wasu ƴan tsiro a kusurwar akwati ɗaya sun kwanta. Na duba na ce ƙishirwa ce, na ƙara musu ruwa. Washegari waɗanda suka kwanta sun kai faɗin tafin hannu, na ce lallai ƙishirwar ta yi tsanani, na sake ƙarawa. Daga nan sai na tuna ba ni da allon da za a kafa a bakin ƙofa, mai ɗauke da sunan aikin da sunan mai aikin. Babu mai rubuta allo mai kyau sai a Konni. Na tsaya na yi wa akwatunan nan ban-ruwa na kwana biyu a lokaci ɗaya, har ruwa ya kwanta a sama, na ja leda na rufe ruf, na kulle ƙofa, na sa makulli a aljihu, na hau mota.

Mai allo ya ɓata mini lokaci. Ban samu dawowa ba sai safiyar ranar, kuma a kan hanya motar shef ta tsince ni, na shiga baya rungume da allona. Don haka ban samu ko leƙa ɗakin ba. Muka tarar da matan sun taru a bakin mangaza, wasu da goyo, wasu sun ajiye tallarsu a ƙasa.

Da a ce na buɗe ƙofar nan da nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai da na jingina allo, na gyara wuyan riga, na yi jawabi. Na yi magana a kan zamani. Na ce lokacin noman kakanni ya wuce. Na ce akwai ma waɗanda har yau suke soya ƙasa kamar gyaɗa (na faɗi wannan, da bakina, Inna Ige tana tsaye a gabana). Wasu suka yi ƴar dariya don kara. Sannan na sa makulli.

Warin ne ya fara fitowa, irin na tsumman da aka manta a cikin ruwa. Zafi mai laima ya biyo shi. Na shiga na yaye ledar, ruwan da ya taru a cikinta ya zubo mini a takalmi.

Babu tsiro ɗaya a tsaye. Akwati goma sha biyu, duk sun kwanta sun narke sun manne da ƙasa, farar fumfuna ta hau kansu kamar auduga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yaye leda, ina fatan ko na gaba, har na kai bango. Na juyo. Matan sun cika ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai daɓen siminti ne, kuma ni na kare shi da leda.

Shef mutum ne mai sanyin magana, ɗan Konni, ya kusa sa'an mahaifina. Ya durƙusa ya ɗago wani tsiro da yatsa biyu. Daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi baƙi, siriri kamar zare.

Ya ce, "Ka san ciwon ga?"

Na sani. Wannan ne abin da ya fi cin raina har yau. Na faɗi sunansa da Faransanci ba tare da tuntuɓe ba, domin a jarrabawa na ci tambayar da maki cikakke.

Ya ce, "Mi ka kawo shi?"

Na ce, "Yawan ruwa. Rashin iska da haske. Cunkoson iri. Ƙasar da ke ɗauke da ciwon."

Ya ce, "Madalla. A cikin huɗun ga, wanne na ba ka yi ba?"

Duk huɗun na yi. Sai wata mata mai goyo ta yi magana, ba da faɗa ba, ba ma da ni take ba, kamar tana tambayar iska. Ta ce, "To yanzu mi za mu dasa?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai a lokacin na gane ba allona ne ya lalace ba, abincin gida talatin ne na kulle a ɗaki na tafi da makulli. Hawaye suka cika mini ido, na sunkuyar da kai.

Inna Ige ta ce, "Ku taho mu tahi gidana."

Muka bi ta, shef a gaba, ni a can baya. Gidanta yana da wani tsohon zaure mai ƙofa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, iska tana ratsawa. A jikin bango, a kan duwatsu, ta jera tsoffin kwanonin da suka huje, da fasassun tukwane, da gwangwanaye. Na shiga na tsaya cak.

Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin gona bayan wannan rana, na ga wuraren renon iri na manyan kamfanoni, amma ban sake ganin abin da ya cika mini ido kamar zauren nan ba. Tsiron gajeru ne, ba su kai rabin tsawon nawa ba, amma karansu kauri, da ɗan ja-ja a gindi, ganye kore mai duhu, kowanne tsaye a wurinsa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Na bi su da ido kwano bayan kwano ina neman ko ɗaya da ya kwanta (Allah ya yafe mini, nema nake yi da gaske). Ban samu ba. Murfin kwalba ɗaya ya cika zaure.

Shef ya cire hula ya tsuguna a gabanta, ya ciro ɗan littafinsa. Ya ce, "Inna, gaya mani yadda kinka yi."

Ta ce, "Ba wani abu na ba, Alhaji. Uwata taba taka nomawa can Alela. Ba ta zuba iri sai ta tara kara bisa wurin ta ƙone shi ƙurmus. Ta ce akwai abin da ke cikin ƙasa mai cin wuyan iri, ido ba ya ganinai, wuta kaɗai shika tsoro. Ni kuwa kullum ina da wuta, ina da kasko. Sai in soya ƙasar da takin bara wanda yaz zama gari, in haɗa da rairan da nika suya da shi. Amma ba na gyaɗa mai gishiri ba hwa, wannan kashe su shikai."

Shef yana rubutu. Ya tambaye ta yadda ta yi iri bai cunkushe ba. Ta ɗauko tsinken tsintsiya ta lasa bakinsa, ta nuna yadda take ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana ajiyewa. Kwana biyu ta yi tana wannan, tsakanin suya da suya, da idon nan nata mai hayaƙi. Ni na watsa gwangwani guda kafin shayina ya huce.

"Ruwa fa?" in ji shef.

Ta cusa yatsa a cikin ƙasar wani kwano har gaɓa ɗaya, ta zaro ta nuna masa. "In yatsa yah hito da sanyi, ba su buƙata. In yah hito busasshe, sai in aza kwanon cikin tasa mai ruwa shi sha ta ƙasa, in ɗauke. Da sahe kaɗai. Ba a bari su kwana da jiƙaƙƙen wuya." Ta nuna tokar da ta tankaɗe ta barbaɗa a sama don fuskar ƙasar ta zauna a bushe. Ta ce da hantsi takan jawo su bakin ƙofar gabas su sha rana, in hadari ya haɗu ta mayar da su ciki. Ranar da iska ta tsaya cik kuwa, takan zauna ta yi musu fifita da faifai.

Duk abin da ta faɗa yana cikin littafina, shafi da shafi, har da jan layin da na yi a ƙarƙashi. Ita ba ta taɓa riƙe alli ba. Tsoro-tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya gane ya daɗe yana wasa a gaban babba bai sani ba.

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri a kan maganar da na yi a bakin mangaza, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta juya wajen matan ta ce in sun isa dashe za a raba daidai, ita ma rabonta kamar na kowa. Wata ta ce ai wahalarta ce, ta ɗauki rabi. Ta ce, "In ni kaɗai nis samu, wa za ni sayar ma gyaɗa?" Aka yi dariya, karo na farko a ranar.

Da mutane suka fara watsewa, ta kira ni. Ta zaɓo gwangwanin madara uku masu huji a gindi, kowanne da tsiro ɗaya, ta jera mini a hannu.

Ta ce, "Ɗana, tahi da waɗanga ka gwada. Amma kak ka cika son su."

Damina ta ɗauke, aka yi dashe. Kowace mace ta samu na fangali biyu a maimakon goman da na yi alkawari. Sauran filin suka cika shi da irin gida daga baya, lokacin da kowa ke dasawa, aka shiga kasuwa tare da kowa. Fangali biyun nan su ne suka nuna da wuri, su ne suka sayi hatsin da ya rage wa gidajen nan zafin bazara. Ba su ƙoshi ba, amma ba su tashi daga garin ba. Babu wadda ta taɓa yi mini gori, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini nauyi a kan duk abin da shef ya rubuta a takardata.

Gwangwanayena uku kuwa na ajiye su a bakin taga, a buɗe. Na riƙa cusa yatsa kowace safiya kamar yadda aka koya mini. Biyu suka yi kauri, suka isa dashe, na ci tumatirinsu. Na ukun, wata rana da azahar na ga ya ɗan yi laushi, abin da kowane tsiro ke yi in rana ta take, kuma na san haka sarai. Na zagaya ɗaki, na dawo, na sake zagayawa. Tausayi ya ci ƙarfina. Na ba shi ruwa da yamma, washegari na ƙara don in tabbatar. A kwana na huɗu ya kwanta.

Na kai wa Inna Ige gwangwanin da kaina, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Ta duba tsiron, ta dube ni, ta ce biyu cikin uku ba laifi ga mai koyo.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsadar abincin wasu na koye shi. Irin da ya mutu a hannuna duka, babu ɗaya da na kashe da sakaci, da kulawa na kashe su. Shi ya sa har yau in na ga tsiro ya yi laushi, hannuna ya nufi butar ban-ruwa, nakan sa hannun a aljihu in fita yawo har sai tausayin ya wuce.